Kundin aikin littafin Malam: daƙiƙa 11 a kan harafi ɗaya

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau Malam ya kawo aikin a filashi, filashin cikin leda, ledar cikin aljihun gaban rigarsa. Littafi ne na tsofaffin waƙoƙin ajami da ya gada a gidansu a cikin birni: hoton kowace warƙa ta asali, sai juyinta zuwa boko, sai sharhi, sai bayanai a ƙasan shafi. Shekara tara yana haɗa shi. Wanda ya fara masa tsarin shafukan ya samu aiki ya bar gari, ya bar mana fayil ɗaya tak na InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, shafi 612, nauyinsa gigabait 1.9. Abin da ya rage, in ji Malam, 'yan gyare-gyare ne da fihirisa. Gyare-gyaren suna jikin wani kwafi da aka fitar da firinta, na kuwa buɗa shi daga farko har ƙarshe ban ga shafin da jan biro bai taɓa ba.

So yake littafin ya shiga maɗaba'a kafin azumi. Na ce, "Allah gafarta Malam, bari in buɗe in gani tukuna." Minti huɗu da daƙiƙa goma muka yi muna kallon 'yar da'irar nan tana juyawa. Malam ya tambaya ko kwamfutar ce ba ta da lafiya. Na ce lafiyarta lau, shekaranjiya na gama mujallar wata makaranta mai shafi 48 a kanta ba ta ko yi tari ba.

Da ya tafi na je shafi na 40, inda aka rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa". Na goge k, na buga ƙ. Sai da na ƙirga daƙiƙa 11 sannan harafin ya fito a allo. Gyaran da ke cikin kwafin Malam, a kintace, zai kai dubu uku. In kowane gyara ya ci bugu biyar, awa 46 ke nan na zaman jira zalla, ban da aikin kansa. Na rufe laftof na tafi gida.

Laraba, 8 ga Janairu

Na yanke shawarar ba zan taɓa gyara ko ɗaya ba sai na gano abin da ke riƙe fayil ɗin. Kuma ba zan yi irin na da ba, a canza abu goma a lokaci guda, in an samu sauƙi a rasa wanne ne ya yi magani. Awo uku na ware, da agogon waya: buɗe fayil, buga harafi ɗaya a shafi na 40, da tsallakawa daga shafi na 40 zuwa na 400. Duk abin da na canza zan sake auna ukun nan in rubuta a nan.

Na fara da masu araha, waɗanda ba sa cin ko kwabo. Manhajar na da mataki uku na nuna hoto a allo: mai sauri, inda hoto ke zama toka-tokan akwati kawai, matsakaici, inda take nuna ƙaramin kwafi mara nauyi, da mai cikakken kyau, inda take zana ainihin hoton gaba ɗayansa. Wanda ya riga ni ya bar shi a na ukun. Na mayar matsakaici. Tsallaka shafi ya sauko daga daƙiƙa 9 zuwa 2.

Sai mai binciken kurakurai da ke aiki a ɓoye, wanda aka shigo da shi tun fitowar InDesign CS4 a 2008. Abu ne mai amfani, shi ke kunna jan ɗigo a ƙasan allo in hoto ya ɓata ko rubutu ya fi ƙarfin akwatinsa. Amma da ka taɓa wani abu sai ya koma sintiri a littafin. Na kashe shi, ranar da za mu fitar da PDF na kunna. Na kashe ƙananan hotunan shafuka da ke jere a gefe, guda 612 da take ta sabuntawa. Na kashe mai duba kuskuren rubutu, wanda dama da Turanci yake auna Hausa, ya ja wa kusan kowace kalma jan layi. A nan ma na gano an bar yaren littafin a Turanci, shi ya sa take raba kalma a ƙarshen layi yadda ta ga dama, har na ga inda aka tsaga "ts" biyu, t a sama s a ƙasa.

Bayan duk wannan: buɗewa minti 4, harafi daƙiƙa 9. Biyu kacal suka ragu.

Asabar, 11 ga Janairu

Yaron da ke koyon aiki a wurina tun Laraba yake cewa, "Oga, RAM ne. Wallahi RAM ne." RAM shi ne wurin da kwamfuta ke shimfiɗa abin da take aiki a kai. Ni ma zuciyata ta karkata can, don abu ne da kuɗi ke magancewa ba sai an yi tunani ba. Na aike shi titin Beirut ya sayo gigabait 8, muka ƙara a kan 8 da ke ciki.

Buɗewa ta koma minti 3 da daƙiƙa 20. Harafi kuwa daƙiƙa 8 da rabi. Ya tsaya yana kallon agogon wayar kamar ita ta cuce shi.

Laifina ne, da na duba kafin in fitar da kuɗi. Na buɗe allon da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, na buga harafi ina kallo. Furosesar laftof ɗin, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, na da layin aiki takwas. Ɗaya ya cika maƙil, bakwai na zaune, jimillar aikin bai haura kashi 15 cikin 100 ba. Irin aikin ginin nan da lebura guda ke cikin rami yana haƙa, bakwai na baki suna ba shi shawara. Dalilin a fili yake in ka yi tunani: jera rubutu aiki ne na bi-da-bi. Ba za a san inda layi na goma zai faɗa ba sai an san inda na tara ya ƙare, saboda haka ba aiki ba ne da za a raba wa mutum takwas cikin sauƙi. Ƙarin RAM ya buɗa mata wurin shimfiɗa kaya, bai ƙara wa mai haƙan ƙarfi ba.

Ban yi asara ba dai, Photoshop zai ci moriyarsa mako mai zuwa.

Talata, 14 ga Janairu

Hotuna. Warƙa 212 ce, duk an yi musu sikanin mai launi a kan ɗigo 600 a inci, girman A4. A lissafi, hoto irin wannan fiksel 4,961 ne a faɗi da 7,016 a tsawo, wato kusan miliyan 35, kowane fiksel kuma bait uku. In an warware shi daga matsin JPEG megabait 104 ne. A filashi kana ganinsa megabait takwas ko tara ka ɗauka ɗan ƙarami ne, amma manhaja ba ta iya zana shi a matse, dole ta warware.

A cikin littafin kuwa faɗin hoton santimita 13 ne. An matse santimita 21 zuwa 13, sai ɗigon ya haura kusan 970 a inci. Maɗaba'a 300 take so. Duk abin da ya haura haka injin bugu ba ya nuna shi, ido ma ba ya gani, dako ne kawai. A santimita 13 da 18, ɗigo 300, baƙi da fari, hoton bai fi megabait uku da 'yan kai ba.

Na biyu, duk hotunan an cusa su ne a cikin fayil ɗin kansa, maimakon a ajiye su a folda a bar manhaja ta riƙa nuni gare su. Na fahimci dalilin mutumin. Kowa a sana'ar nan ya taɓa kai aiki wani shago ya buɗe ya tarar hotuna sun zama dishi-dishi don an manta folda a gida. Cusawa na maganin wannan. Ga katin biki ko kalanda ba laifi. Ga hoto 212 kuwa, ai ka ɗaura wa jaki buhunan da aka yi domin mota.

Na fitar da su duka zuwa folda, na ajiye na asali a wani faifai dabam ban taɓa su ba, na sa Photoshop ya rage kwafinsu a jere. Da yamma muka zauna da Malam kan batun launi, don marubutan sun yi amfani da jar tawada a wasu wasulla da kanun baitoci, in aka mayar baƙi da fari ja na komawa toka mai haske har ya kusa ɓacewa. Mun tsaya a kan warƙa 16 za su fito da launinsu a sashe guda, sauran in ƙara wa jan duhu kafin in juya su. Cikin dubawa ya ɗaga wata warƙa ta asali da ya zo da ita ya saita ta da hasken taga, ya nuna mini alamar jinjirin wata uku a jikin takardar. Irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita. Sikanin bai kama alamar ba, ba kuma zai kama ba sai an hasko ta daga baya. Ya ce a bar shi.

Awo: buɗewa daƙiƙa 50. Tsallaka shafi, nan take. Harafi daƙiƙa 8.

Takwas. Na sauke kusan gigabait biyu daga fayil ɗin, rabin daƙiƙa ta ragu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Adanawa ta yau da kullum ba ta sake rubuta fayil daga tushe, ƙara sabon canji take yi a kan tsohon, shi ya sa fayil ɗin da aka daɗe ana aiki a kansa ke kumbura. Sai ka adana da sabon suna sannan take share tarkacen. Na yi haka, sannan na fitar da shi a matsayin IDML, wani nau'in fayil na InDesign, na sake buɗewa, wanda ke sa ta gina fayil ɗin sabo fil. Ya dawo megabait 41. Buɗewa daƙiƙa 35. Harafi bai motsa ba.

Yaron ya kawo shawarar mu kwashe komai mu kai CorelDRAW, manhajar zane, tunda da shi kowa ke aiki a layinmu. Na ce masa bangon littafin nasa ne, ya yi shi a can, a nan ne CorelDRAW ya fi ƙarfi. Amma bayanan ƙasan shafi 1,140 wa zai bi su da hannu in layi ɗaya ya gusa?

Litinin, 20 ga Janairu

Ruwa ba ya tsami banza. Yau na gano.

Abin da ya ja hankalina ƙaramin abu ne. Na ƙara girman shafi a allo don in duba wata kalma, sai na ga ƙ ɗin da ke cikinta ya ɗan fi maƙwabtansa kauri, ƙafarsa ma ba iri ɗaya ba. Na ɗora kibiya a kansa: zubin haruffansa, wato font, dabam da na sauran kalmar. Na duba ɗ, haka. Ɓ, haka. Amma ba da hannu aka canza su ba, babu alamar an taɓa su ɗaya-ɗaya.

Na buɗe salon sakin layin da aka gina duk littafin a kansa. A ciki akwai wurin da ake sa dokokin GREP, wato ka ce wa manhaja duk inda ta ga kaza a cikin rubutu ta yi masa ado kaza da kanta. Doka 23 na tarar. Zubin haruffan da mutumin ya zaɓa wa littafin kyakkyawa ne, amma babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsa. Maimakon ya canza zubi, sai ya sa doka: in an ga ƙ a aro daga wani zubi, a rage masa tsawo kaɗan. Wata dokar ga ɗ, wata ga ɓ, wasu uku ga manyansu. Wata don 'y, saboda manhaja na juya alamar da ke gaban y ta mayar da ita buɗaɗɗiyar alamar zance. Wasu don kalmomin Larabci, wasu don lambobin baiti. Akwai guda biyu da aka rubuta da faɗi ƙwarai, irin masu cewa a kamo komai daga nan har sai an ga kaza, waɗanda ke sa a bi sakin layi a dawo a sake bi. Kuma da yake duk sauran salon littafin daga wannan suka gaji halinsu, har bayanan ƙasan shafi suna ɗauke da dokokin 23.

Dokar GREP ba a yinta sau ɗaya a gama. Duk lokacin da aka sake jera sakin layi sai an sake bin dokokin a kansa, ɗaya bayan ɗaya.

Ga kuma rabin matsalar na biyu, wanda ya sa na farkon ya zama bala'i. Littafin gaba ɗaya zare ɗaya ne. Daga shafi na 1 zuwa na 612 rubutun a sarƙe yake, akwati na zuba wa akwati, babu inda aka yanke. Hotuna 212 ɗin ma a cikin zaren aka ɗaure su kamar haruffa, suna tafiya da rubutu. Manhajar kuma ba layi-layi take jera rubutu ba, sakin layi gaba ɗaya take dubawa ta zaɓi inda ya fi kyau a karya kowane layi. Saboda haka harafi ɗaya a shafi na 40 na iya sauya sakin layinsa, sakin layin ya tura na ƙasa, bayanin ƙasan shafi ya tsallaka gaba, hoto ya rasa wuri ya faɗa shafi na gaba, haka har inda abin ya lafa. Kowane sakin layi da aka taɓa a hanya, dokoki 23.

Na yi kwafin fayil na goge dokokin duka don gwaji. Haruffa masu lanƙwasa suka zama akwatuna masu ruwan hoda, alamar babu su a zubin. Na je shafi na 40 na buga harafi.

Daƙiƙa 2.

Na kira yaron na ce ya buga da hannunsa. Ya buga, ya dube ni, ya ce, "To Oga, kuɗin RAM fa?" Na ce ya je ya sayo mana shayi.

Ba na ganin baiken wanda ya yi wannan dabara. Duk wanda ya yi aikin Hausa a kwamfuta tun zamanin PageMaker, tsohuwar manhajar tsara shafi, ya san wahalar haruffan nan. PageMaker bai san Unicode ba, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, har fitowarsa ta ƙarshe, ta 7, a 2001. Zubi na musamman muke sawa, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, ko kuwa a fitar da aiki a bi da biro ana lanƙwasa kan k da d da b da hannu kafin a kai wa mai fileti, wato farantin da injin maɗaba'a ke bugawa da shi. Wanda ya taso a haka, in ya ga manhaja za ta yi masa aron harafi da kanta, gani zai yi ya tsinci dami a kala. A ƙasida mai shafi 20 ba zai taɓa jin nauyin abin ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Maganin shi ne zubin da ke da haruffan a cikinsa tun asali. Na gwada Charis SIL da Gentium, duka na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ne, kyauta ne, kuma suna da ƙ da ɗ da ɓ da manyansu, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu muke sa 'y, a tsaye da a kishingiɗe. Na fitar da shafi guda da kowanne na kai wa Malam. Ya cire tabarau ya mayar, ya ce na farkon ya fi cika ido, tsofaffi ne za su fi karanta littafin. Charis ke nan.

Sai dai Charis ya fi tsohon zubin faɗi. Littafin ya tashi daga shafi 612 zuwa 631. Malam ya ce, "Ɗan nan, na kawo maka littafi ka rage masa nauyi, ka ƙara masa shafi 19?" Na ce, "Allah gafarta Malam, nauyin da na rage na kwamfuta ne, wannan kuwa na takarda ne." Bai yi dariya ba, don shi zai biya kuɗin takardar. Na rage girman harafin sharhi da rabin ɗigo, muka dawo 622.

Wajen sauya zubin ne wata ɓarakar ta fito. Cikin shekara tara mutum huɗu ko biyar suka buga masa rubutun a Word. Wani ya yi da haruffan Unicode na gaskiya. Wani ya yi da tsohon zubi, inda ƙ ke zaune a gurbin wata alama dabam, da an canza zubi sai alamar ta fito tsirara a tsakiyar kalma. Wani kuwa k' da d' da b' ya riƙa bugawa. Kwana biyu na yi ina nema-da-sauyawa. A nan GREP ya yi rana: a yi shi sau ɗaya, a sauya harafin da gaske, a wuce. Daga dokoki 23 na bar biyu, su ma a salon baitoci kaɗai.

Layukan ajami da Malam ke kawowa a cikin sharhi, da a da hotuna ne ƙanana aka yanko aka liƙa, na sake buga su da Alkalami, zubin da SIL ta yi a kan salon rubutun Kano. Fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda aka saba a makarantar allo. Wannan sai da na kunna tsarin jera rubutu mai iya tafiya daga dama zuwa hagu, a waɗannan sakin layin kawai. Malam ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce wannan ya yi kama da hannun mutane.

Talata, 28 ga Janairu

Na yanka zaren. Littafin babi 14 ne, kowane babi ya zama fayil mai zaman kansa, sai gabatarwa da fihirisa, 16 ke nan. Na haɗa su a fayil ɗin littafi, wanda shi ba ya ɗauke da rubutu, jerin sunaye ne kawai da ke kula da lambar shafi ta ci gaba daga babi zuwa babi, ya kuma daidaita salo daga fayil guda da ka naɗa uwa. Hotunan warƙoƙi na kwance su daga cikin rubutu, kowanne ya zauna a shafinsa, kowace waƙa kuma ta fara a sabon shafi, don gyaran da aka yi a wata waƙa ya tsaya a iyakarta.

Babi mafi girma shafi 71. Yana buɗewa cikin daƙiƙa 4. Harafi kuwa na kasa aunawa, kafin in danna agogo ya fito.

Abu ɗaya: lambar bayanan ƙasan shafi ba ta bin ta shafuka, kowane fayil daga 1 yake farawa sai in ka sa masa lambar farawa da hannu. Na tambayi Malam ko ya yarda kowane babi ya fara daga 1. Ya ce dama lamba 1,140 a saman kalma ba ta yi masa kyau ba.

Yau na shigar da gyara 260. Ranar 6 ga wata da wannan ya ci mini awa huɗu a jira kawai.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ya daɗe da mutuwa. Ina tsakiyar babi na 6. Da aka tada janareta manhajar ta dawo da aikin daga ajiyar ko-ta-kwana da take yi a ɓoye, gyara uku kawai na rasa. Duk da haka na adana shi da sabon suna nan take, ban yarda da fayil ɗin da wuta ta yanke a kansa ba.

Sannan tun kwana uku nake lura da rana aikin na yin sanyi, da safe kuwa garau. Fankar laftof ɗin na ihu. Muka kwance bayanta, ƙurar hunturu ta yi kirtani a bakin iska kamar audugar katifa. Furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Buroshin haƙori da ɗan famfon iska suka yi aikin.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An gudu ba a tsira ba. Babi na 9 ya fara jan ƙafa, daƙiƙa uku, huɗu. Shi ne babin da Malam ke kwatanta waƙoƙi da juna, cike yake da "duba shafi kaza". Na mayar da su masu rai ne makon jiya, don lambar ta riƙa sauyawa da kanta in shafi ya gusa, guda 187, kusan duk suna nuni zuwa wasu babobin. Yanzu da babobin suka rabu, sai manhajar ta riƙa leƙa sauran fayilolin tana tabbatar da lambobin.

Na gwada buɗe duk fayilolin 16 a lokaci guda, ya ɗan yi sauƙi, a nan ƙarin RAM ɗin ya biya kuɗinsa. Amma shawarar da ta fi ita ce ta Malam, ba tawa ba. Ya ce me ya sa sai shafi? Kowace waƙa na da lamba, kowane baiti na da lamba, malamai da haka suke nuni tun kafin a san shafi. "Duba waƙa ta 31, baiti na 12" ba ya gusawa ko an sake buga littafin da wani girma. Na mayar da su rubutu zalla, na sa lambar waƙa a saman kowane shafi don mai nema ya samu da wuri. Guda 20 da ke nuni ga sharhi ne kawai suka rage, su zan cike da hannu a ranar ƙarshe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Gyare-gyare sun ƙare jiya: 3,214, na ƙirga don son sani. Na kunna mai binciken kurakurai babi-babi. Ya kamo hoto biyu da suka rage a launin allo, da akwati ɗaya a babi na 11 da layin ƙarshe ya maƙale a ciki bai fito ba, baiti guda cur. Da na bar shi a kashe da sai bayan bugu za mu gani.

Alhaji mai maɗaba'a ya ce PDF/X-1a yake so, wato nau'in PDF na maɗaba'a, rubutu baƙi zalla ba haɗin launi huɗu ba. Na fitar daga fayil ɗin littafi gaba ɗaya, minti 6, megabait 310.

Lissafin shafi: injinsa shafi 16 yake bugawa a sashe. Shafi 640 sashe 40 ne cif. Muna da 622, da shafukan gaba 8, saura 10 ga fihirisa. In ta haura 10 mun shiga sashe na 41, ƙarin fileti da takarda. Na faɗa wa Malam. Ya ce fihirisar sunayen mutane da garuruwa ce kawai, ba za ta kai ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ta kai 13.

Na mayar da ita layi biyu a shafi, na rage harafi zuwa ɗigo 9, ta dawo 11. Malam ya tafi da kwafi zai duba sunayen da suka maimaitu da rubutu iri biyu, irin Muhammadu da Mamman in mutum ɗaya ne. Akwai kuma matsalar jeri: manhajar ba ta san ƙ na bin k ba, ɗ na bin d, ɓ na bin b, sai na sa wa kowane suna mai irin harafin nan makullin jeri da hannu. Na yi 90, saura wajen 140.

Sashe na 1 zuwa na 12 sun tafi wurin Alhaji da safe don a fara fileti, tunda lambobin shafinsu ba za su ƙara motsi ba. Ya bugo waya bayan azahar: "Warƙa ta 58 ta yi duhu, ka zo ka gani kafin mu ci gaba." Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe ƙarfe tara ina nan." Zan tafi da ta asalin in Malam ya yarda ta fita daga gida.